Gizo a Ajin Lissafi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka tara malaman firamare aka ce su gwada shigo da labari cikin darasin lissafi, tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne. Wasu na masu son gwadawa ne da ba su san ta inda za su kama ba, wasu kuma na masu ganin abin shiririta ce da ɓata lokacin yara. Ga su nan da amsoshinsu.

Tambaya: Ai dama littattafan lissafi cike suke da labarai irin su "Audu ya sayi lemo". Mene ne sabo a nan?

Amsa: "Audu yana da lemo 8, ya ba Binta 3, nawa ya rage?" Wannan lambobi ne aka saka wa suna. Babu yaron da ya damu da Audu ko da lemonsa. Yana tsamo 8 da 3 sai ya watsar da sauran zancen, kuma gaskiyarsa.

Labarin da ake nufi shi ne wanda wani ya shiga tsaka mai wuya, kuma babu mafita sai an yi lissafi. Ga yadda za ka gwada naka: cire lissafin daga ciki ka sake ba da shi. In ya tafi sumul, to lissafin liƙa shi aka yi, yara za su sha dariya su tashi ba su koyi komai ba. In kuwa labarin ya tsaya cak, ya kasa gaba, ka samu abin da ake nema.

Tambaya: A ba mu misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Amsa: A ɗauki aji biyu, darasin ɗebewa, 32 a cire 7. Kuskuren da aka fi gani a nan shi ne yaro ya rubuta 35. Ya duba ya ga 2 ba za ta ba da 7 ba, sai ya juya abin, ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya sauko da 3 yadda take.

Malama ta shigo da tsinken tsintsiya. Kowane benci ta ba shi ɗauri uku na goma-goma da tsinke biyu a sake. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aji ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!"

"Gizo ne ya kafa tukubar tsire a bakin kasuwa. Da yamma ya rage masa ƙunshi uku, kowanne tsinke goma, Ƙoƙi ta naɗe su tsaf za a kai gida, ga kuma tsinke biyu a kan faranti. Sai ga Kura ta biyo bashi. Ta ce, 'Gizo, tsinke bakwai nake bin ka tun kasuwar da ta wuce.' Gizo ya marairaice ya ce, 'Wallahi biyu kacal suka rage, duba faranti.' Kura ta dubi faranti, ta dubi ƙunshin da ke bayansa, ta fara lasar baki tana kallon ƙafar Gizo."

A nan malama ta tsaya. Kada ta ƙarasa. "To 'yan aji biyu, yaya Gizo zai yi ya tsira da ƙafarsa?" Ba a daɗewa wani zai ɗaga murya daga baya: "Malama, ya kwance ƙunshi ɗaya!" Kowane benci ya kwance ɗauri guda. Yanzu ɗauri biyu ne da tsinke goma sha biyu a sake. A ba Kura bakwai, saura biyar. Ɗauri biyu da tsinke biyar, 25.

Kafin a ce ƙurunƙus akwai tambaya guda da ta fi amsar kanta muhimmanci: "Da aka kwance ƙunshin, tsiren Gizo ya ƙaru ne ko ya ragu?" Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ɗauri uku da biyu shi ne ɗauri biyu da goma sha biyu. Daga nan malama ta je allo ta rubuta 32 da 7 a ƙarƙashi, ta soke 3 ta mai da ita 2, ta sa 1 a gefen 2, tana faɗa da baki, "ga ƙunshin da muka kwance." Sai ta ba su guda biyar makamantansa su yi a littafi, ba Gizo, ba Kura.

Tambaya: Akwai wata hujja cewa wannan yana aiki, ko dai ra'ayi ne?

Amsa: Akwai. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na Birazil suka wallafa abin da suka gani wajen yara biyar masu sayar da kwakwa da makamantanta a bakin titi. Da suka zo musu a matsayin masu saye, yaran sun ci kashi 98 cikin ɗari na lissafin cinikin. Da aka ba su irin lissafin a takarda amma cikin zance, sai suka ci kashi 74. Da aka ba su lambobin tsurarsu, kashi 37 kawai. Yaran nan dai su ne, lissafin kuma shi ne. Duk wanda ya taɓa karɓar canji a hannun yarinya mai tallan gyaɗa, sannan ya ga takardar jarrabawarta, ba zai yi mamaki ba.

Wani bincike mafi girma da aka wallafa a 2025, wanda masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo ke cikin masu shi, ya duba yara masu ciniki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Yaran kasuwa gwanaye ne a lissafin ciniki amma suna faɗuwa in aka rubuta shi irin na makaranta, 'yan makaranta kuma da ba sa ciniki suna iya na takarda amma suna ruɗewa a na kasuwa. Ke nan iyawa a ɓangare ɗaya ba ta tsallakawa ɗaya ɓangaren da kanta, sai malami ya riƙo hannun yaro ya ƙetarar da shi. Shi ya sa a darasin tsiren Gizo aka ƙare a kan allo.

A nan gida ma an gwada. Shirin RANA na koyar da karatu da lissafi, wanda UNICEF ta tallafa wa a makarantun Katsina da Zamfara, ya shirya gajerun labarai da Hausa masu ɗauke da lissafi, malamai suna karanta wa 'yan ƙananan azuzuwa.

Tambaya: Wannan ba sabon yayi ba ne da aka kwaso daga waje?

Amsa: Ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. A wata takardar lissafi ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai gidaje 7, da kyanwa 49, da ɓera 343, haka ana ta ninkawa da bakwai. Kacici-kacicin mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali jirginsa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya, yana yawo a ƙasashen Afirka da dama da dabbobi daban-daban, kuma yana cikin tambayoyin da ake danganta wa Alkuwin, malamin Ingila da ya rasu a 804. Ƙetarawa bakwai ake yi, kuma sirrin shi ne a yarda a dawo da akuyar baya sau ɗaya. Littafin aljabara da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen 820, kaso mai tsoka na cikinsa mas'alolin gado da wasiyya ne: wane ya rasu ya bar 'ya'ya kaza, ya yi wa bare wasiyya da kaza. Malaman fara'ila a zaurukanmu har gobe da irin wannan suke koyar da rabi da rubu'i da sumuni.

Tambaya: Waɗanne darussa ne labari ya fi yi wa amfani?

Amsa: Waɗanda ma'ana ke ɓacewa a cikinsu ko da yaro ya iya aikin. Babban misali shi ne rabawa mai saura. A rubuta 30 a raba 4, duk wanda ya iya zai ce 7 saura 2. To amma:

'Yan kai amarya 30 sun iso bakin kogi, kwalekwale mutum 4 yake ɗauka. Sawu nawa zai yi? Takwas, sai dai in za a bar gwaggo da yayar amarya a gaɓa.

Tela yana da yadi 30, kowace riga tana cin yadi 4. Riga nawa zai ɗinka? Bakwai, ragowar yadi biyun ba su isa riga ba.

Inna ta soya ƙosai 30 za ta raba wa yara 4. Kowa bakwai da rabi, domin ƙosai yana gutsuruwa.

Lissafi ɗaya, amsa uku, kuma labarin ne kaɗai ke gaya maka wacce za ka ɗauka. Ajin da ya yi gardama a kan waɗannan ukun ya fahimci saura fiye da wanda ya cika shafi biyar da aiki.

Haka ma ɓangarori. Yara da yawa suna ɗauka rubu'i ya fi rabi tunda 4 ta fi 2. A bar Gizo ya faɗi wannan da bakinsa: an ce ya zaɓa tsakanin rabin waina da rubu'inta, ya yi tsalle ya ce rubu'i, yana murna ya cuci Ƙoƙi. A yanka takarda a gaban aji a miƙa masa rabonsa. Amfanin Gizo a nan babba ne. Yaron da ke tsoron a yi masa dariya in ya yi kuskure, ba ya jin tsoron kama Gizo da kuskure, alhali sau da yawa kuskuren nasa ne aka ɗora wa Gizo.

Na uku, ninki. Sarki ya ɗauki Gizo aiki na kwana 30, ya ce ya zaɓa: naira 10,000 kullum, ko naira 1 ranar farko, 2 ta biyu, 4 ta uku, kullum ana ninkawa. A sa aji ya kaɗa ƙuri'a kafin a fara, kusan kowa dubu goma zai bi. Gizo kuwa ya zaɓi ninki. Ranar 10 ladan ninki naira 512 ne kacal, ana ta yi wa Gizo dariya. Ranar 15 ya kai 16,384, ya wuce dubu goman. Ranar 19 jimillarsa ta haura naira 300,000 da zai samu a wata guda ta ɗaya hanyar. Ranar 30 kuwa, ladan wannan rana kaɗai naira 536,870,912. Tsohon labari ne aka sake wa riga. Masanin tarihi Ibn Khallikan ya kawo irinsa a ƙarni na 13, da ƙwayar alkama a gidajen allon darar chess guda 64.

Inda labari ba ya da wani tasiri shi ne hadda. Jadawalin sau dole a maimaita shi har ya zauna, kuma waƙa da tafi sun fi labari yin wannan aikin.

Tambaya: Ba a jin tsoron yara su riƙe labarin su manta lissafin?

Amsa: A ji tsoro, yana faruwa. Yawanci ado ne ke jawo shi. In malami ya ɓata minti goma yana siffanta rawanin sarki da kukan Kura, abin da yara za su kai gida ke nan. Labarin lissafi gajere ne, mutum biyu ko uku, matsala guda.

Akwai kuma wata cuta da tambayoyin littafi ke haifarwa. A Grenoble ta Faransa, wajen 1980, an tambayi 'yan firamare 97: "A cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10. Shekarun matuƙin nawa?" Su 76 suka ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin, mafi yawa suka ce 36. Ba wauta ce ta sa su ba. An saba musu da cewa duk inda lamba biyu suka haɗu a aji, to a tara su ko a ɗebe. Maganin wannan shi ne lokaci-lokaci ka sako lambar da ba ta da aiki a labarin, ko ka yi tambayar da ba ta amsuwa, ka yaba wa yaron da ya ce, "Malam, ai ba a gaya mana ba."

Tambaya: Yara 90 gare ni a aji, darasin kuma bai wuce minti 35 ba. Ina lokacin tatsuniya?

Amsa: Minti biyar sun isa labarin, goma na aiki da hannu, sauran na allo da littafi. Kuma ba kullum ba. Ranar da za a buɗe sabon babi ake yin sa, daga nan sai a riƙa waiwayarsa da kalma ɗaya: "Ku tuna ƙunshin Gizo."

Yawan yara kuwa bai hana tatsuniya ba, tunda ita dama da amshi aka san ta. Abin lura shi ne amshin taro yana ɓoye wanda bai gane ba, yana motsa baki tare da jama'a. Don haka a sa kowane benci ya ɗaga tsinkensa ko ya rubuta amsa a ɗan allo ya ɗaga. Kayan aiki ba sai an saya ba: tsinke, marafan kwalba, ƙwallon dabino, tsakuwa. A sa yaran su kawo, a zuba a gwangwani a ajiye a lungun aji.

Tambaya: Jarrabawa da Turanci ake yi, a Nijar kuma da Faransanci. In na ba da labari da Hausa ban cuce su ba?

Amsa: Yaron da bai gane abu da harshen da yake mafarki da shi ba, da wuya ya gane shi da harshen da yake kan koyo. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, an koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, har da lissafi, Turanci kuma yana matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Dabarar ita ce a ba da labarin da Hausa, a yi muhawarar da Hausa, in an zo allo a ba kowane abu sunansa na jarrabawa, a maimaita shi har kunne ya saba.

Hausa ma tana da nata lissafin da ya kamata a ci moriyarsa. Mai cewa "ashirin ba biyu" ya riga ya yi ɗebewa kafin ya rufe baki. Yaron Maraɗi ko Damagaram da aka aika kasuwa, in an ce masa dala ashirin ya san sefa 100 ake nufi, in an ce jaka ya san 1,000 ce. Kullum yana ninkawa da biyar a ka, amma ba wanda ya taɓa gaya masa jadawalin sau biyar ne yake yi. Labarin baƙon da ya ji "dala hamsin" ya miƙa sefa 50 aka yi masa dariya, darasi ne cikakke.

Tambaya: Wasu iyaye suna cewa tatsuniya ƙarya ce, kuma ba a yin ta da rana.

Amsa: Batun rana camfi ne, kuma su kansu yara sun san maganinsa, a ɗaure Gizo a ci gaba. Batun ƙarya kuwa, tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba, da bakinta take rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Duk da haka, in unguwa ba ta so, ba dole sai da Gizo ba. Manomin da ya samu dami 70 zai fitar da zakka, ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban-ruwa ya yi da wahalarsa. Makiyayin da awakinsa 38 ne yana jiran su cika 40. Waɗannan babu uban da zai ce a daina.

Gargaɗi ɗaya game da sanannen labarin raƙuma 17 da za a raba wa mutum uku, rabi da sulusi da tusu'i, inda mai hikima ya ara musu nasa suka zama 18, aka ba su 9 da 6 da 2, ya janye abinsa. A ba da shi a matsayin abokan tarayya, kada a ce rabon gadon 'ya'ya ne, domin shari'a ba haka ta raba wa 'ya'ya ba, kuma za a samu ɗan Islamiyya a ajin da zai kama ka.

Tambaya: Manyan yara fa, 'yan aji shida da ƙaramar sakandare? Ba za su raina abin ba?

Amsa: Za su raina Gizo, ba za su raina kacici-kacici ba. Su ne ma za a tambaya me ya sa dabarar raƙuman ta yi aiki. In suka tara rabi da sulusi da tusu'i za su samu 17 cikin 18, wato tun farko rabon bai cinye dukiyar ba. Ranar da suka gano wannan da kansu, tara ɓangarori ya daina zama azaba.

Ga wani. Dattijo yana da shanu tara, ta farko tana ba da nono ƙwarya 1, ta biyu 2, har ta tara mai ba da 9. Yana so ya ba 'ya'yansa uku shanu uku-uku, kuma nonon kowa ya zo daidai. Jimilla 45, kowa 15: misali 2 da 7 da 6, sai 9 da 5 da 1, sai 4 da 3 da 8. In aka jera su layi uku a haka, hatimi ne ya fito, ta ko'ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 ne. Daga nan sai a ba su labarin Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Yara da yawa ba su taɓa jin an ambaci masanin lissafi daga ƙasarsu ba.

Tambaya: Ni ban iya ba da labari ba.

Amsa: Ba gasar ban dariya ba ce. Abu uku kawai ake bukata: wane ne, me yake so, me ya tare shi. Rubuta shi a layi biyar, ka yi lissafin da kanka tukuna don kada lambobin su ba ka kunya a gaban aji, sannan ka san inda za ka yi shiru. Shirun nan ya fi wuya, domin bakin malami yana ƙaiƙayin faɗar amsa.

Tambaya: Me iyaye za su iya yi a gida, musamman waɗanda ba su yi boko ba?

Amsa: Kakar da ke auna tsaba da mudu, ta san adashin mutum goma sha biyu wa zai kwasa a wane mako, ba ta rasa lissafi ba. Abin da za ta ƙara kawai shi ne ta riƙa tsayawa a tsakiyar zance ta jefa wa jika tambaya: "Kai ɗan nan, kaji shida ne, Dila ya zo ya tafi, da safe aka ga huɗu. Nawa ya ɗauka?" In ya amsa, kada a tsaya a "daidai ne". A ce, "Yaya aka yi ka sani?" Dara da carafke ma a bar yara su yi, ƙirga ce da tsara dabara.

Tambaya: Ta yaya zan gane sun fahimta, ba daɗin labarin kawai suka ji ba?

Amsa: Juya aikin. Rubuta 24 a cire 9 a allo, ka ce kowa ya ƙirƙiro labarin da wannan lissafi zai warware. Wanda ya ce, "Ina da naira 24, na sayi alewar naira 9," ya gane. Wanda ya ce, "Ina da kaji 24, aka ba ni 9," bai rabe tarawa da ɗebewa ba, ko da kuwa jiya ya ci goma bisa goma. Wanda ya ce, "Yayata shekararta 24, ni 9, da nawa ta girme ni?" ya wuce inda ka kai su, domin ya gano ɗebewa tana auna tazara ko ba a ɗauke komai ba. Irin wannan a kira shi gaban aji ya faɗa da bakinsa, a bar sauran su yi gardama a kan ko labarinsa ya dace da abin da ke allo. Bayan mako guda kuma a sake ba su lambobin tsurarsu, ba tsinke a benci, a ga su wa suka tsaya da ƙafarsu, su wa za a sake kwance wa ƙunshi.